Malam Mai Usur

Ya ku 'yan makaranta, in aka ce ku jera sunayen malamanku, mun san yadda za ku yi. Za ku fara da hedimasta, sa'an nan mai koya muku lissafi, domin tsoronsa ya fi yawa a zukatanku, sa'an nan na Turanci da na Larabci, har ku gangaro kan na labarin ƙasa. In an yi sa'a, can daga ƙarshe wani ya ce, "Af, da kuma Malam mai usur." Watau malamin wasanni ke nan, wanda ya ke fita da ku fili bayan la'asar, sa'ad da sauran malamai sun tafi gida sun miƙe ƙafa. To, yau a kansa za mu yi magana, gama mu ma da ke rubuta muku wannan takarda usur ɗin yana rataye a wuyanmu shekara da shekaru, tun ran da muka fito daga kwalejin horon malamai aka turo mu nan Ƙofa, a kudancin ƙasar Kano. Abin da mu ke so ku gane shi ne yadda ya kamata a auna aikin irin wannan mutum, domin mudun da yawancin jama'a ke auna shi da shi yana da ƙwange.

Bari mu fara gaya muku yadda aikin ke faɗowa kan mutum. A ƙananan makarantu irin namu ba a cika samun wanda aka ɗauka musamman domin wasanni ba. Hedimasta ya kan duba cikin malamai, wanda ya ga ya fi ƙuruciya, bai yi tumbi ba, bai kuma koyi musu ba tukuna, sai ya miƙa masa usur da makullin ɗakin ajiya, ya ce, "Malam, ga yaranka nan." Shi ke nan. Daga ran nan shi ne mai koyar da tamaula, shi ne na ƙwallon kwando in akwai kwandon, shi ne na tsere da tsalle, shi ne alƙalin wasa, shi ne kuma likita in wani ya yi targaɗe. Albashinsa ba ya ƙaruwa da ko kwabo, darussansa na aji kuwa ba a rage masa ko guda.

Da ruwa ya ɗauke, fili ya zama daji. Sai a fito da fartanya da lauje a nome, a tsince ƙaya da tsidau, gama da yawa cikin 'yan wasanmu ba su da takalmi sai wanda Allah Ya yi musu. A sari itacen turare a kafa sandunan raga, a zuba toka a ja layi. Ƙwallo ɗaya ce tak, ta sha faci wajen mai gyaran taya har ba a gane launinta na asali. In ana son ƙwallon kwando, sai a je wurin mai walda ya lanƙwasa rodi, kafinta ya haɗa allo, a share ƙasa a daɓe. Ran da za a tafi wasa Bebeji ko Kiru ko Tudun Wada, malam ne zai bi gida gida neman yardar iyaye, domin a ƙasarmu ta noma yaron da ke da ƙarfin buga ƙwallo shi ne kuma ke da ƙarfin yankan shinkafa da ɗaukar dammunan dawa. Shi zai nemo mota, sau da yawa shi zai cika kuɗin mai daga aljihunsa. In an ci, a ce yaran nan gwanaye ne. In an sha kashi, a ce malam bai iya ba.

Amma fa kada ƙanƙantar aikin ta ruɗe ku, yana da asali da dangi. Wasan ƙwallon kwando kansa, wanda ku ke gani a talabijin ana biyan 'yan wasansa dukiya mai ɗimbin yawa, wani malami ne irin wannan ya ƙago shi, a wata ƙaramar kwaleji, domin ya fita daga wata wahala da ta same shi. Sunansa James Naismith, mutumin ƙasar Kanada. An haife shi cikin shekara ta 1861, iyayensa duka biyu suka rasu bai cika shekara 10 ba. Cikin 1891, yana ɗan shekara 30, yana koyarwa a wata makarantar horon ma'aikatan ƙungiyar samari Kirista a garin Springfield na ƙasar Amurka. Ƙasar tasu kuwa, in hunturu ya shigo, ƙanƙara ce ke rufe fili, ba damar wasa a waje, sai a tara ɗalibai cikin wani babban ɗaki ana sa su miƙe hannu, su tsuguna, su tashi, har abin ya gundure su. Akwai wani aji na mutum 18, ƙarti ne ba yara ba, sun riga sun gagari malamai biyu. Shugaban sashen, Luther Gulick, ya danƙa wa Naismith su, ya ba shi kwana 14 ya samo wasan da za a yi cikin ɗaki ba tare da an kakkarya juna ba.

Naismith ya zauna ya yi nazari. Su a can suna da wata irin ƙwallo da a ke rungumewa a sheƙa da ita a guje, shi ma ya buga ta da ƙuruciyarsa. Ya lura gudun nan da ƙwallo a hannu shi ke jawo karo da kokawa, saboda haka ya hana shi. Ya kuma lura in raga tana ƙasa, ƙarfi ne zai yi aiki, masu tsaro su taru su toshe bakinta. Saboda haka ya ɗaga ta sama, inda sai da saiti da dabara a ke jefawa. Ya nemi akwatuna biyu wurin mai kula da ginin, ba a samu ba, sai waɗansu kwanduna biyu na zuba 'ya'yan itace. Ya kafe su da ƙusa jikin dogarin benen ɗakin, wanda tsawonsa daga ƙasa ƙafa 10 ne. Har yau kuwa ƙafa 10 ɗin nan ce tsayin kwando ko'ina a duniya. Ya rubuta dokoki 13, ya raba ajin, 9 nan 9 can, ya jefa musu ƙwallon tamaula. Wannan ya faru cikin watan Disamba na 1891. Kwandunan da gindinsu a rufe, duk sa'ad da aka ci sai an hau tsani an ciro ƙwallo.

To, ga inda mu ke so ku kasa kunne. Cikin 1898 Naismith ya koma Jami'ar Kansas, ya kafa ƙungiyar ƙwallon kwando, ya horar da ita shekara 9. Da aka yi lissafi, sai aka ga sun ci wasa 55, an cinye su 60. Watau mutumin da ya ƙago wasan, faɗuwarsa ta fi nasararsa yawa. Da a kasuwarmu ne, da tuni an ce malam bai iya ba. Amma ɗaya daga cikin yaransa, Forrest Allen, ya riƙe wannan ƙungiya shekara 39, ya kuma yaye waɗansu da su ma suka zama manyan masu horarwa a Amurka. Naismith ya rayu har ya ga an buga wasan nasa a gasar Olimfik ta birnin Berlin cikin 1936, kuɗin tafiyar ma karo-karo aka yi masa. Ya rasu cikin 1939 bai tara wata dukiya ba. Takardu biyu da aka buga dokokin nan 13 a kansu kuwa, cikin 2010 aka yi gwanjonsu a kan dala miliyan 4 da ɗoriya.

Mu dawo gida. Kakanninmu suna da nasu wasanni tun kafin zuwan Turawa, ga langa, ga kokawa, ga dambe, ga sukuwa, kowanne da ka'idarsa da gwanayensa. Amma wasa mai malami da ƙayyadajjen lokaci da doka a rubuce, tare da makarantar boko ya shigo ƙasar Arewa. Cikin shekara ta 1922 Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina domin horon malamai. Makaranta ce ƙarama, gininta na ƙasa, ɗalibanta ba yawa. Malaman da ke koya musu Turanci da lissafi da safe, su ne ke fita da su fili da yamma, a buga tamaula da kurket, da wani wasa da a ke bugun 'yar ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wanda a ke danganta kawo shi Arewa ga wani malami Bature mai suna Hogben. Ahmadu Bello, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato, ya shiga wannan kwaleji cikin 1926 ya fita cikin 1931, a can ya gwanance a ƙwallon bangon nan har ya zama kyaftin, bai kuwa bar buga ta ba har yana Firimiyan Jihar Arewa. Kwalejin ta tashi zuwa Kaduna cikin 1938, daga nan zuwa Zariya cikin 1949, ita ce a ke kira Barewa. Malaman da ta yaye suka watsu cikin larduna, kowa ya tafi da littafinsa da usur ɗinsa. Ta haka abin ya biyo hannu da hannu har ya iso wuyanmu.

Cikin 1962 aka buɗe jami'a a Samaru ta Zariya, aka sa mata sunan wannan tsohon kyaftin na ƙwallon bango. A filinta ne hanyar Katsina da hanyar Springfield suka haɗu, a hannun wani mutum da mu ke so ku riƙe sunansa. Ba nesa ba ne da mu, in kun hau mota kun wuce Kwanar Dangora kun miƙe kudu, ba za ku wuni ba ku isa ba.

Sunansa Oliver B. Johnson, amma kowa a Samaru da OBJ ya san shi. Ba'amurke ne, ya iso Nijeriya yana saurayi wajen ƙarshen yaƙin basasa, lokacin da ƙwallon kwando ba ta da wani suna a ƙasar nan, kowa tamaula ya sani. Baƙi irinsa sun sha zuwa, su yi shekara biyu ko uku, su ɗau hotuna, su koma ƙasarsu. Shi kuwa ya zauna. Ya zama mai horar da 'yan ƙwallon kwando na Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi fiye da shekara 40 yana wannan aiki a ƙasar nan, har ya zama ba a maganar tarihin wasan a Nijeriya ba a ambace shi ba. Bai tsaya ga ɗaliban jami'a kaɗai ba, yaran gari da 'ya'yan ma'aikata ma da suka zo bakin fili suna leƙe, ya kan jawo su ciki.

Ku da ba ku riƙe usur ba, ba za ku san nauyin shekara 40 ba, bari mu fassara muku. Manomi in ya shuka mangwaro, ya yi ban ruwa shekara biyar, daga nan sai ya zauna inuwa yana tsinka. Malamin wasanni ba haka ya ke ba. Yaron da ya sha wahala a kansa, daidai lokacin da ya nuna ya fara daɗi, sai ya gama makaranta ya tafi. Shekara ta kewayo, ga waɗansu sababbi fil, ba su san dama da hagu ba, sai a koma darasi na farko: ga yadda a ke tsayawa, ga yadda a ke riƙe ƙwallo, ɗaga kanka ka dubi ɗan'uwanka. Mu da muka yi shekara goma da 'yan kai muna wannan maimaici, wani lokaci mu kan ji kamar mai ɗiban ruwa da kwando. To, ku ninka wannan sau huɗu, cikin ƙurar hunturu da zafin bazara, a ƙasar da ba ta haife ka ba. Wannan shi ne mai haƙurin da Hausawa ke cewa ya kan dafa dutse ya sha romonsa.

Romon kuwa ga kaɗan daga cikinsa. Cikin yaran da suka bi ta hannun Johnson akwai wani mai suna Masai Ujiri. A Ingila aka haife shi cikin 1970, amma a Zariya ya tashi, tamaula ya fara bugawa kamar kowa, sai da ya kai shekara 13 ya soma ƙwallon kwando. Daga baya ya tafi Amurka ya shiga wata ƙaramar kwaleji a garin Bismarck, can arewacin ƙasar inda sanyi ke da tsanani, sa'an nan ya yi 'yan shekaru yana wasa a ƙasashen Turai. Bai zama shahararren ɗan wasa ba. Cikin 2002 ya karɓi aikin nemo wa ƙungiyar Orlando matasa masu baiwa, ba albashi, da kuɗinsa ya ke tafiye-tafiyen. Sannu ba ta hana zuwa. Cikin 2010 aka ba shi riƙon ƙungiyar Denver, cikin 2013 aka zaɓe shi gwarzon shekara cikin masu riƙon ƙungiyoyi a babbar gasar Amurka, a shekarar ya koma shugabancin ƙungiyar Toronto ta Kanada, ya riƙe ta har 2025. A hannunsa ta ci kofin gasar cikin 2019, karo na farko ke nan da kofin ya fita daga ƙasar Amurka. Tun 2003 kuma ya kafa wani shiri na tara yaran Afirka ana koya musu wasan, a Nijeriya aka fara shi. Ya sha faɗa a bainar jama'a cewa Johnson na Zariya ne ya ɗora shi a hanya.

Ku lura da wani abu a nan. Abin da ya ɗaukaka Ujiri shi ne ido, watau ya dubi yaro ɗanye ya hango abin da zai zama. Wannan kuwa ita ce ainihin sana'ar malamin wasanni, ita almajirin ya gada wurin malaminsa. Kun san Hakeem Olajuwon, mutumin Ikko, wanda aka fara zaɓa cikin dukan sababbin 'yan wasa a Amurka cikin 1984, ya kuma ci kofi da ƙungiyar Houston cikin 1994 da 1995. Da fari gola ne a tamaula, yana kuma buga ƙwallon hannu. Cikin 1978 makarantarsu, ita ma kwalejin horon malamai ce, ta zo bikin wasanni a Sakkwato, shi yana cikin 'yan ƙwallon hannu, sai aka roƙi malamin ƙwallon kwando ya gwada dogon yaron nan, ya yarda. Da malamin ya ce littafinsa ya cika, da labarin ya ƙare a nan. Sunan Olajuwon ya cika duniya, amma wanda ya ce masa "shigo" malamin makaranta ne mai usur, irin wanda ku ke sa wa a ƙarshen jeri.

Kada dai ku ce, "Ashe malamin kirki shi ne wanda ya fitar da shahararre." Wannan ma mudu ne mai ƙwange, ɗan'uwan na farko. Bayan Ujiri ɗaya akwai ɗaruruwa da suka bi ta filin Samaru, suka zama likitoci da injiniyoyi da malamai da 'yan kasuwa, ba wanda ya san sun taɓa jefa ƙwallo a kwando. Mu nan, cikin dukan yaran da suka wuce ta hannunmu, ba ko ɗaya da ke cin abinci da ƙwallo, ba mu kuwa jin aikinmu ya tashi a banza. Abin da fili ke koyarwa ba shi cikin takardar jarrabawa. A can yaro ke koyon zuwa kan lokaci, gama ba a jiran mutum ɗaya a tsai da mutum 21. A can ya ke koyon miƙa wa ɗan'uwansa ƙwallo ko da ransa na so ya buga da kansa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A can ɗan dagaci da ɗan makiyayi daga gefen dajin Falgore ke sa riga iri ɗaya, wanda ya fi iyawa shi ne kyaftin, ba a tambayar ɗan wane ne. A can kuma a ke koyon abin da ya fi duka wuya, watau a cinye ka gaban jama'a, ka haɗiye fushi, ka je ka ba wanda ya cinye ka hannu.

Wata shekara muna da wani yaro, ɗan gaba, ba mu taɓa samun mai ƙafa irin tasa ba. Ana saura kwana biyu mu tafi wani babban wasa da wata makaranta maƙwabciyarmu, muna gwaji a gida, ya buga ƙwallo ta shiga raga, ɗan ajinsu da muka ba alƙalanci ya busa ya ce satar gida ce. Yaron nan ya juya ya zage shi, zagin da ya taɓa iyaye. Muka ce to, ranar wasa zai tafi da mu, amma a gefe zai zauna yana riƙe da jarkar ruwa. Kai, ranar mun ga jama'a! Yara suka zo roƙo, malamai suka zo, har wani dattijo daga cikin gari ya aiko a ce mana a yi haƙuri, sunan gari ne. Muka ba kowa haƙuri, muka tsaya kan maganarmu. Aka je, aka cinye mu 2 da nema, muka dawo cikin mota ba mai ce wa kowa uffan. Wata guda in mun wuce majalisar bakin kasuwa, sai mu ji an yi shiru. Yau yaron nan malami ne a wata makarantar firamare wajen Doguwa, usur na wuyansa. Da muka haɗu ran kasuwa, ya ce mana dokarsa ta fari ga yaransa ita ce, duk wanda ya zagi alƙali zai riƙe jarka. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Wancan wasa a littafin makaranta faɗuwa aka rubuta, mu kuwa a namu lissafin yana cikin waɗanda muka ci.

Dalilin da ya sa muka ɗauko wannan magana yanzu shi ne, muna ganin aikin yana neman mutuwa a hannunmu, abubuwa uku kuwa ke cin sa. Na fari, fili. Mun san makarantu da dama da filinsu ya yi ta tsukewa, yau a yanki gefe a yi shaguna, gobe a yanki wani a yi ɗakin karatu, jibi maƙwabci ya turo shingensa, har ya zama ba inda yara 22 za su tsaya. Fili in ya tafi ba ya dawowa. Na biyu, lokaci. An mai da sa'ar wasa ta zama ta ƙarin darasi, wai don jarrabawa, alhali kuwa kowane malami ya san yaron da ya yi gudu ya yi gumi jiya da yamma shi ya fi natsuwa a aji yau da safe. Na uku kuwa ku ne da kanku. Da yawanku kun bar bugawa kun koma kallo. Ku biya kuɗi ku shiga gidan kallon ƙwallo, ku zauna kan benci sa'a biyu, ku fito kuna gardama har da dambe a kan ƙungiyoyin Ingila da Sifen, waɗanda ba su san da zamanku a duniya ba. Kun san sunan mai horar da kowace ƙungiya ta Turai da adadin albashinsa, amma in Malam ya busa usur da la'asar, mutum 7 ke fitowa.

Akwai kuma waɗanda kallon ya sa musu wani dogon buri, suka ce karatu ɓata lokaci ne, su Turai za su. Har a kan sami mayaudara masu zuwa da takardu masu ƙyalli, su karɓi kuɗin iyaye, wani a sayar da sa, wani a jinginar da gona, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsu. Ku dubi mutanen da muka ambata. Naismith ta makaranta ya bi, Sardauna ta makaranta, Olajuwon ta makaranta, Ujiri ta makaranta. Ƙafar ɗan ƙwallo ba ta cika wuce shekara 35 tana aiki ba, targaɗe guda kuma ya isa ya tsai da ita tun tana 20. Abin da ke cikin kai shi ke raka mutum har tsufa. Wanda Allah Ya ba baiwar ƙwallo, madalla, ya buga da iyakar ƙarfinsa, ga Kano Pillars nan kusa, wadda ta ci kofin ƙasa cikin 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta nan Ahmed Musa ya bi ya fita duniya. Amma ya riƙe littafinsa da ɗaya hannun.

Ku ma 'yan mata, maganar nan da ku. Ƙungiyar ƙwallon kwando ta matan Nijeriya ta ci kofin Afirka sau 5 a jere, daga 2017 zuwa 2025, cikin 2024 kuma a gasar Olimfik ta birnin Paris ta kai zagayen ƙungiyoyi 8 na ƙarshe, abin da wata ƙungiyar Afirka, ta maza ko ta mata, ba ta taɓa yi ba. Mace ce kuwa ke horar da su a lokacin, Rena Wakama. Filin ƙwallon kwando ɗan ƙarami ne, mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi, zai shiga cikin katangar makarantarku, ku yi wasanku cikin sutura da mutunci. Abin da ya rage shi ne a sami malama mai ɗaukar usur.

Saboda haka ga abin da mu ke roƙonku. In an busa, ku fito, ko da ba ku cikin gwanaye, gama fili na kowa ne. In an ce a nome fili, ku zo da fartanyarku ba sai an kira suna ba. Ku tsare ƙwallon makaranta kamar yadda ku ke tsare littafin aro. In kun ga ana auna gefen filinku da igiya, ku gaya wa iyayenku, su kai magana gaban dagaci da shugabannin makaranta tun ba a zuba harsashi ba. Waɗanda kuma za su shiga kwalejin horon malamai daga cikinku, ran da hedimasta ya miƙo muku usur da makulli, kada ku ɓata fuska. Ku karɓa da hannu biyu, ku san abin da Hogben ya riƙe ne a Katsina, abin da Johnson ya riƙe ne a Samaru. Ba za ku yi arziki da shi ba, littafin nasararku ma watakila ya yi kama da na Naismith. Amma in kun daɗe kuna yi, wata rana za ku shiga asibiti ko ofis ko kasuwa, wani magidanci ya miƙe tsaye ya cire takalmi ya ce, "Malam, ba ka gane ni ba? Ni ne golanka."

Allah Ya ba mu lafiyar jiki da ta zuciya, Ya saka wa malamanmu da alheri, na aji da na fili, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikinsu, amin.